Malam Umaru da Baƙon Ƙasan Teku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Fitowata daga sallar la'asar ke nan ranar Talata, Rabi ta kira ni daga Bodinga, ta ce mahaifinta Malam Umaru ya cika, har an kai shi makwancinsa. Na zauna a bakin masallaci. Abin da ya fara faɗo min a rai, wata takarda ce da ta yi wata biyar a motata.

Malam ya koyar da mu ilmin halittu a sakandare, zamanin farar hula na biyu, lokacin da aka shiga tsuke bakin aljihu. Littafi babu, alli ma sai an yi tattali. Wata rana ya shigo aji da curin yumɓu daga fadamar Danchadi, ya gina wani abu kamar 'yar malfa, ya kife a tebur. Ya ce wata halitta ce da ke zaune can ƙasan teku, wajen ƙasashen ƙanƙara, ba ta kai ƙwayar wake ba. An ɗauka irinta ya ƙare tuntuni, sai aka tsamo ta da rai. Ɓawonta irin na dodon koɗi ne, amma kayan cikinta a jere suke bibbiyu kamar na tana. Shi ya sa masana suka rabu a kan danginta.

Abin ya dame shi ƙwarai, shi da bai taɓa ganin teku ba. Halinsa ne. Ko a kasuwar Shagari ya haɗu da baƙo, sai ya zaunar da shi ya bi salsalarsa har kakanni. Yakan ce, "Baƙon da ba a san danginai ba, ba a gama yi mai maraba ba." Shi dai ya tsaya kan cewa 'yar'uwar dodon koɗi ce. Mu kuwa, yarinta, muka laƙaba masa Malam Malfa.

Ranar da zan tafi jami'a ya ce, "Sanusi, kai za ka inda littattafai suke. In an gano dangin baƙon nan na ƙasan teku, ka taho ka hwaɗa min da bakinka." Shekara da shekaru, duk gaisuwar sallah tambayarsa ke nan.

Bana na samu amsar. Binciken ƙwayoyin gado ya fi karkata ga maganar Malam. Na buga a takarda, na ce waya ba ta dace ba, sai na je da kaina. Yau ne, gobe ne, ban je ba. Wannan sakacin yana ci min rai.

A wurin gaisuwa Rabi ta miƙo min malfar yumɓun, a naɗe cikin tsumma, gefenta ya tsage. Ta ce, "Yaya, ya ce a ba ka. Ya ce kar a matsa maka, wataƙila masanan ne ba su gama ba."

Sun gama, Malam. Ni ne ban zo ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi baƙuncinka kamar yadda ka karɓi baƙi. Allah Ya ba Rabi da ƙannenta haƙuri, Ya raya abin da ka bari. Amin.