Malam Zunnuraini, Mai Sa Ido Kan Masu Gadi

Da an idar da sallar asuba Malam Zunnuraini yake tayar da babur ɗinsa daga Gaya. Jami'in gwamnati ne, aikinsa sa ido kan kamfanonin gadi masu zaman kansu. Yakan tsaya a gidan mai ko makaranta ya tambayi mai gadi, "Wa ya horar da kai? Kamfaninku na da lasisi?" Yawanci sai su sunkuyar da kai. Kaki da kulki kawai aka miƙa musu.

Wata kakar gyaɗa, masu gadin wani sito a Ajingi suka kama Kabo, wani manomin Gafasa, wai ya saci buhu. Suka ɗaure shi a rana, suka yi ta jibga. Kafin la'asar rai ya yi halinsa. Daga baya aka gano ba buhun da ya ɓata.

Mai kamfanin, wanda ko lasisi ba shi da shi, ya karɓe kakin yaransa, ya ce bai taɓa ganinsu ba. Manyan gari suka ce a bar wa Allah.

Hussaina, matar marigayin, ta ce da ni, "Ina cikin takaba Malam Zunnuraini ya zo, ya tsaya a zaure. Ya ce, 'Malama, ba zan iya dawo miki da shi ba. Amma in kin amince, alƙali zai ji yadda aka kashe shi.'"

Malam ya yi ta sintiri wajen 'yan dakon da aka yi abin a gabansu, har suka yarda za su ba da shaida. Ana gab da zaman kotu wasu suka tare shi a hanyar Balan, suka karya masa hannu, suka ƙona babur ɗin. Da ɗauri a hannu ya tsaya gaban alƙali. Masu gadin da suka kashe Kabo suka tafi gidan yari, aka rufe kamfanin. Mai shi kuwa ya sulale wata jihar, ya buɗe wani da sabon suna.

Malam, a watan nan kake ajiye aiki, hannun bai miƙe ba har yau. Kai ne ka ƙi yarda a binne talaka tare da maganarsa. Namijin duniya, mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku da za ku hau kujerarsa, ku taka sawunsa. Har gobe akwai masu kulkin da ba wanda ya koya musu inda duka yake tsayawa.