Tsayin Motata da Gwiwar Inna

Sana'ata sayar da maganin dabbobi. Shagona yana Daura, amma yawancin cinikina a kasuwanni yake, Mai'aduwa da Mashi, wani lokaci har Kongolam, sai kuma rugagen da suke nesa da kwalta. Na daɗe ina wannan yawo a kan babur, kwalaye ɗaure a bayana, har ƙuguna ya fara ciwo. Da Allah ya hore, sai na tafi Kano neman jif mai jan taya huɗu.

Dillalin ya nuna mini guda biyu a jere. Kamfani ɗaya, jiki ɗaya, inji ɗaya, har fentinsu iri ɗaya. Amma da na ja baya na dube su, sai na ga ɗayar ta ɗara 'yar'uwarta tsayi.

"Me ya raba su?" na tambaye shi.

Ya durƙusa ya nuna mini ƙarƙashinsu. "Alhaji, wannan ta cikin gari ce, ta ɗaukar iyali. Waccan kuwa tun daga kamfani don daji aka yi ta. Sifirin ɗinta ya fi tsawo, tayarta ta fi girma, cikinta ya fi nisa da ƙasa da kamar faɗin tafin hannu. Shi ya sa ba a sa mata matakala a gefe ba, kada dutse ya cire ta."

Gajerar tana da matakala, wani dogon farantin ƙarfe a ƙasan ƙofa inda mutum zai ɗora ƙafa ya shiga. Na gan ta sarai. Sai dai hankalina yana kan yashin hanyar rugage da ƙoramun damina, kuma gaskiya doguwar ta fi kwarjini. Ita na ɗauka.

Kai tsaye gidanmu na nufa da ita, wurin Inna, mahaifiyata. Tun rasuwar babanmu take fama da ciwon gwiwa, amma tana tafiyarta ba sanda, tana zuwa suna da gaisuwa a unguwa. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana. Ta fito ƙofar gida, mata da yara sun taru, ta dafa motar ta yi addu'a mai tsawo.

Na buɗe mata gaba na ce, "Inna, ki shiga in zaga da ke gari."

Ta kama ƙofar ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a iska. Ta sake gwadawa da ɗayar, abin ya gagara. Matata ta ruga ciki ta ɗauko 'yar kujerar tsakar gida, irin wadda mata suke zama a kai wajen girki. Inna ta taka ta, matata ta tallafe ta, sannan ta samu shiga. Da numfashinta ya dawo sai ta dube ni ta ce, "Kai kuwa raƙumi ka sayo. Shi ma raƙumin ai yana durƙusawa."

Kowa ya yi dariya, har ni. Na yi mata alkawarin zan kai wa mai walda ya haɗa matakala. Na je kuwa, ya ce in bar masa motar ta wuni. To yau kasuwa, gobe ruga, jibi wani ya kira shanunsa ba lafiya. Kujerar nan ta zama 'yar mota, duk ranar da zan ɗauki Inna sai in sauke mata ita. Da yake abin yana tafiya haka, maganar walda ta bi iska.

Inna tana da yaya guda, wadda muke kira Iya, tana aure a wani ƙauye gaba da Babban Mutum. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ana tsakiyar damina, wata safiya bayan an kwana ana ruwa, ɗan Iya ya buga mini waya ya ce jikinta ya yi zafi sosai, tun jiya ƙanwarta take kira. Ko da na isa gida Inna ta riga ta yafa mayafi, ƙullin kayanta a hannu.

Na matso da motar jikin dakalin ƙofar gida, ta taka dakalin ta shiga cikin sauƙi. Sai da muka yi nisa na tuna cewa ran kasuwar Mashi na sauke kujerar a shago don kwalaye su samu wuri. Na ce a raina ba komai, gidan da za mu ba a rasa kujera.

Da muka bar kwalta, hanya ta zama caɓi. Can gaba muka tarar da ƙorama ta kawo, jan ruwa yana gudu, motoci da babura sun yi layi a baki. Cikinsu har da irin motata, amma gajerar, mai ita ya naɗe wando yana auna ruwan da kara. Ya ce mini shi dai ba zai shiga ba, ruwan zai kai masa inji.

Na dubi Inna. Carbinta kawai take ja, idonta a kan ɗaya gaɓar.

"Inna, in shiga?"

"In ka san za ta iya, ka yi bismillah."

Na sa ƙaramar giya na shiga a hankali. Ruwa ya bugi ƙasan ƙofa, motar ta ɗan karkata, sannan ta kama yashi ta haura. Muna fita Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa jin daɗin abin da na saya kamar a lokacin ba.

A ƙofar gidan Iya muka tarar da maza zaune a kan tabarmi a gindin bedi. Ruwa ne ya hana su zuwa gona, suka taru suna hira. Ni na gane haka daga dariyar da na gani a fuskokinsu. Inna kuwa idonta ya yi rauni, abin da ta hango kawai maza ne birjik a ƙofar gidan mara lafiya.

Na ce mata, "Ki ɗan jira in karɓo kujera." Ban tsaya na ga ko ta ji ba.

Ina sauka mutanen suka taso. Bayan gaisuwa sai tambaya, ta ina na biyo, yaya aka yi na ƙetare alhali tun asuba ba motar da ta shigo garin. Ɗaya ya ce ai ya ga irinta ta maƙale a nan bara. Na ce wannan daban ce, na sunkuya ina nuna musu sifirin da tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa. Ina cikin wannan bayani na ji ƙarar ƙofa a ɗaya gefen, sai kuma wani sauti kamar an yar da buhu.

Na zaga da gudu. Inna tana ƙasa cikin laka, ƙafarta ta dama ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Ba ta yi ihu ba. Ta riƙe rigata ta ce, "Yayata ta cika ne?"

"Tana nan da ranta, Inna. Hira kawai suke yi."

"Alhamdu lillahi," in ji ta, sannan ta rufe ido.

Ni na ɗauke ta zuwa cikin gida. Rabona da jin nauyinta haka ban ma sani ba, ashe ba ta da nauyi ko kaɗan. Aka shimfiɗa mata katifa kusa da gadon Iya. Iya ta buɗe ido, jiki na rawa don zazzaɓi, ta dubi ƙanwarta ta dubi ƙafar, ta ce, "Ke da kika zo dubiya, yanzu wa zai duba wa?"

Na ce a mayar da Inna mota mu tafi asibiti Daura. Ta ce, "Ban ƙetare ruwan nan don in juya ba." Ba yadda ban yi ba, ta ƙi. Aka kira maɗorin garin, ya shafa ya ce ƙashin ƙauri ne ya karye kusa da idon sawu. Aka ce in riƙe kafaɗunta. Lokacin da ya ja ƙafar, sai ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, don kada ɗanta na fari ya ji kukanta. Ina jin yadda jikinta yake karkarwa a hannuna. Da aka gama na fita bayan gida na zauna a kan wani kututture, na daɗe ban iya komawa cikin mutane ba.

Ɗan Iya ya biyo ni ya ce, "Haba ɗan'uwa, ƙaddara ce. Da gajerar ka saya da yanzu kuna bakin ƙorama." Gaskiya ya faɗa, na kuma gode masa. Amma na san kujera tana cikin gidan nan, taku kaɗan daga inda na sunkuya ina nuna wa mutane ƙarfe.

Inna ta zauna a ƙauyen har aka yanke gero. Iya ta warke tun kafin nan, ta koma ita ce mai jinya. Duk ran da na je, sai in same su suna hirar mutanen da suka daɗe da rasuwa, su amsa gaisuwata su ce in je waje in sha iska. A tsakanin nan na kai motar aka haɗa mata matakala, aikin da bai ɗauki rabin wuni ba.

Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Yanzu da sanda Inna take tafiya, zuwa unguwa ya ragu, salla kuma a zaune take yi a kan kujera. In na shiga gaishe ta na same ta tana sunkuyar da kai a madadin sujada, sai in tsaya a bakin ƙofa in kau da ido har ta sallame.

Kwanan baya wata tsohuwar ƙawarta ta zo daga Mashi, ina zaure ina jiyo su. Baƙuwar ta ce, "Hajiya, ƙafar fa? Na ji an ce faɗuwa kika yi daga motar yaron nan."

Inna ta ce, "Tsufa ne, 'yar'uwa. Ƙashin tsoho ai ko tuntuɓe ya ishe shi." Sai ta ɗaga murya ta kira matata, ta ce a dama wa baƙuwa fura, a kuma duba ko na ci abinci kafin in fita.