Haƙoran Kaka Hajo Uku

A Yargalma, da an idar da sallar magariba, mukan kewaye murhun kakarmu Hajo, tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya. "Ga ta nan, ku matso. Kai angona, rufe baki kar ƙuda ya shiga!" Ni take nufi.

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wata mata ce 'yan tsakinta ke ɓacewa, maƙwabta suka ce gafiya ce. Ta haƙe ɗaki, ta rushe akurki, ta fasa rumbu, alhali shaho ne ke faɗowa ya wuce kafin ta ɗaga kai. "Wauta!" in ji Kaka. "Ba ta tambayi ta ina ɓarawon ka zuwa ba."

A shekarun da aka yi ta kwashe ƙasar gubar dalma daga gidajenmu, ina aikin adana katunan marasa lafiya a Anka, sai na zo gida na tarar murhun shiru. Kaka na tsoron buɗe baki, domin magana kan tayar mata da ciwon fuska. An ce cin goro ne ya gajiyar da muƙamuƙi. Wanzami ya yi ƙaho, mai cire haƙori a kasuwa ya cire uku, an sa ranar na huɗu. Raina ya ɓaci, na roƙi a jinkirta mako guda.

Na zauna gefenta da littafi, ina rubuta yadda ciwon ke zuwa. Abin da na sani daga katuna, ciwon gaɓar muƙamuƙi kan zauna gaban kunne, ya daɗe yana nuƙurƙusa, wani lokaci har da ƙas-ƙas wajen tauna. Na danna wurin, ko gezau. Amma da ruwan alwala ya taɓa kuncinta na dama, sai ta sandare, hawaye na zuba. Kafin in ƙirga ashirin ya lafa.

"Mi kaka rubutawa, angona? Abin ga ba ya zama. Faɗowa yakai, ya wuce."

Alƙalamina ya tsaya. Ashe shaho ne, mu kuwa muna ta haƙar gafiya.

Na kai ta asibiti, likita ya karanta littafin, ya duba ta, ya ce jijiyar fuska ce, ba gaɓa ba, ba kuma haƙori ba. Magani ya sassauta ciwon, tatsuniya ta dawo, sai dai iska na bi ta giɓin.

Har yau abin na cina. Matar da ta koya mana tambayar nan, ranar da azaba ta rufe mata baki, cikinmu babu wanda ya yi mata ita sai da haƙora uku suka tafi.