Tafiyar neman takardar kurmin Kawu Nomau

Talata: daga gida zuwa Madarumfa

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Talata muka fita daga ƙauyenmu da ke bayan Gabi, ni da kawuna Nomau, yayan mahaifiyata. Bazara ce, a farkon shekarun saba'in, ina hutun lakwal, wato makarantar boko, don a lokacin ni mushe ne, malami mai koyar da 'yan aji uku. Kawu yana kan jakinsa, ni ina biye a ƙasa.

Ga abin da ya tashe mu. Kawu Anne ne, bai taɓa salla ba, yana kan abin da ya gada wurin kakanninsa. A gabas da gari akwai kurmin tsamiya da kanya, inda kowace shekara kafin ruwan farko yake yanka jan zakara da baƙar akuya don roƙon damina. Sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Garba, ya ce wurin daji ne marar mai shi, zai sare ya shuka gyaɗa, har ya yi magana da masu gatari su zo ranar Asabar. Mai gari ya ce shi ba zai iya hanawa ba sai an kawo takarda daga sama. Ni kuwa na taɓa karantawa a tsarin mulkin ƙasa cewa gwamnati tana girmama kowane addini. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce, "Har da nawa?" Na ce ban sani ba, sai mun tambaya.

Da gari ya fara wayewa ya tsayar da jaki ya ce, "Isuhu, lokacinka ya yi." Shi ya riƙa zuba mini ruwa daga gorarsa na yi alwala, ya jira na idar. Mun ratsa Gabi ƙarfe shida, muka taka yashin gulbi da ya bushe ƙaf, muka shiga Madarumfa tara da rabi. Tafiyar ta kai kilomita goma sha biyar.

Mun sauka gidan Malam Habu, limamin wata unguwa kusa da tafki, wanda suka yi kiwon awaki tare da Kawu suna yara.

"Anne, ka zo tuba ne?" in ji Malam.

"Na zo cin kifinka dai. Tuba sai wata shekara."

Aka kawo tuwon dawa da soyayyen kifi, muka ci muka ƙoshi. Ƙarfe sha ɗaya muna biro, wato ofishin gwamnati, gaban wani kwami, magatakarda mai ladabi da ya jawo takarda ya fara tambaya.

"Baba, mi ne sunan addinin naku?"

"Gado."

"Kuna da littafi?"

"Babu. Ubana ya gaya mini, shi ma ubansa ya gaya masa."

"Ɗakin ibada fa?"

"Itatuwa ne."

"Mabiya nawa?"

"Gida bakwai. Da can rabin gari ne."

Kwamin ya juya takardar gaba da baya. Ya nuna mini layin masallaci, ya nuna mini layin majami'a, ya ce ba a bar wa itatuwa layi ba. Ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, sai dai mu tafi Maradi wurin babbansu.

Bayan la'asar muka zauna bakin tafki muna kallon masunta. Can sai Kawu ya ce mu koma gida, kada ya je birni ya zama abin dariya da furfurarsa. Malam Habu ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Gobe tare za mu. In dariya ce a yi mana mu biyu."

Laraba: Safo

Mun bar jaki gidan Malam, muka shiga wani kamyo, babbar mota mai ɗaukar albasa da busasshen kifi, dala goma sha biyar kowane mutum. Ya tashi bakwai da minti goma. Direba ya buɗe wa Malam gaba, Malam ya ce a'a, Nomau ya girme shi da damina biyu, shi zai zauna. Ran nan Kawu ya fara shiga gaban mota, kuma direban ya ce mini tun daga tasha bai saki ƙofar ba.

Takwas saura muka tsaya shingen jandarma a Safo. Ni da Malam muka nuna katinmu. Aka zo kan Kawu, ba shi da ko guntun takarda. Ya shafa zanen askar da ke kumatunsa ya ce, "Ga nawa kati, ɗana, tun ina kwana bakwai anka buga shi." Jandarman ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce mu wuce amma a yi wa tsoho kati kafin baɗi. Muka sha fura mai sanyi a nan wurin wata Bafillata, muka ci gaba.

Maradi

Ƙarfe tara muka sauka. Mun zauna kan benci a ƙofar biro har sha ɗaya da rabi kafin a kira mu. Babban nasu dattijo ne mai tabarau, ya ba mu kujeru, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya juya ga Kawu.

"Baba, abin nan da kuke yi, addini ne ko al'ada?"

Kawu ya dube ni in fassara masa bambancin. Na yi ta kame-kame, na kasa. Sai ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Da ɗiyata ta kwanta ciwo, can kurmin na tahi na roƙa. Da ta rasu, can na koma na zauna."

Ban taɓa jin ya ambaci wannan 'ya tasa ba sai ran nan.

Dattijon ya tambayi Malam Habu me ya kawo limami cikin wannan magana. Malam ya ce, "Ni ban yarda da abin da yake yi ba. Shekara arba'in ina kiransa ga salla, kuma ban daina ba. Amma in ana tambaya ko ibada yake yi a wurin nan, ibada yake yi, na gani da idona tun muna yara. Ba zan yi shaidar ƙarya ba don in faranta wa kowa."

Dattijon ya cire tabarau ya ce doka ba ta ɗora masa ya zaɓi addinin gaskiya ba, abin da ta ɗora masa shi ne kada a hana mutum nasa. Ya sa aka buga takarda da Faransanci cewa kurmin wurin ibada ne, ba a sara, ba a nomawa. Ya buga hatimi, Kawu ya dangwala yatsa. Sai dai ya gargaɗe mu cewa takardar ta tsaya ga itatuwa kawai, sauran filin da ke kewaye Alhaji yana iya nomawa.

"Shi noma," in ji Kawu. "Gyaɗa ba ta taɓa yi mini laifi ba."

Kamyon ƙarfe huɗu ya mai da mu Madarumfa kafin magariba, muka sake kwana gidan Malam.

Alhamis: gida

Mun tashi biyar, mun iso sha ɗaya saura. A zauren mai gari na karanta takardar, na fassara sau biyu. Alhaji Garba ya karɓa ya duba hatimin da kyau, ya miƙo mini, ya ce wa Kawu, "Sannu da hanya, Nomau. Ban zaci za ka kai Maradi ba." Ya aika a gaya wa masu gatari su tsaya iyakar fili.

Da yamma Kawu ya zo gidanmu, ya ciro takardar daga aljihu ya ajiye a cinyata. Na ce ai tasa ce. Ya ce, "'Ya'yana duk sun yi salla, ka sani, bayana ba mai yanka. Ban ce ka yanka ba, Isuhu. Itatuwan dai kada a sare su."

Na karɓa. Damina huɗu ya ƙara yana yankansa, sannan ya rasu. Takardar tana cikin akwatina har yau, tsamiyoyin kuma suna tsaye.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa direban da ya yi haƙuri da mu, da dattijon da ya ba mu kujeru, da iyalin Malam Habu da suka ciyar da mu kwana biyu har da jakinmu. Malam kansa, da na je yi masa godiya, cewa ya yi in bar ta, in dai ci gaba da tuna wa kawuna maganar salla.