Gaisuwar Baba ta Makunnin Asibiti

Mahaifina bai yi boko ba, waya ma sai an danna masa, amma shekara biyu cur yana gaishe ni kowace safiya ta na'urar kamfaninmu.

Ina aikin haɗa intanet ne a wani ƙaramin kamfani a Kaduna, kuma mu muka kafa na'urar intanet a asibitin ƙauyenmu, can bayan Tsohon Birnin Gwari. Da daji ya lalace, ma'aikatan asibitin suka tattara nasu ya nasu, sabis ɗin waya ya ɗauke, mutane suka yi ta gudowa Magajin Gari, cikin garin Birnin Gwari. Inna ta fito da ƙannena. Baba kuwa ya kafe, wai shi da gonarsa mutu ka raba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce masa wannan taurin kai ne kawai. Ya dube ni ya ce, "To kai naka a wurin wa ka gado?"

A hannunsa aka bar makullin asibitin, na'urar kuma da hasken rana take aiki. Zuwana na ƙarshe na ja shi gaban makunnin na'urar da ke bango. Na ce in ya idar da sallar asuba ya kashe, ya ƙirga goma, ya kunna. A allon kwamfutata ɗigon ƙauyenmu zai yi ja, ya koma kore, in san ya kwana lafiya. In kuwa da matsala ya yi sau uku, zan turo mai babur ta hanyar gonaki ya ɗauko shi. Ya yi dariya ya ce yaran zamani ba sa rasa dabara. Amma bai taɓa fashi ba, ko ranar Sallah.

Ana nan sai oga ya ba ni babban aiki: in kafa manhajar da za ta riƙa kula da dukkan na'urorinmu daga ofis, ta gyara saitinsu da kanta. A kan gungun kwamfutoci uku na ɗora ta, an yanka ta ƙanana-ƙanana, kowane yanki a cikin abin da muke kira kwantena. In ɗaya ta faɗi, gungun ya tayar da wata a kwamfutar kusa, ba ruwan kowa. Wallahi na so aikin nan, don na san ma'aikatanmu sun huta da bin hanyar dajin nan saboda gyaran minti biyar. Kai ya yi mini girma, har tafiyata ta canza.

Abin da ya ishe mu a da shi ne ƙararrawa. Iska ta kaɗa waya, ƙararrawa. Girgije ya gifta, ƙararrawa. Sai na rubuta wa manhajar doka: duk na'urar da ta ɗauke ƙasa da minti ɗaya ta dawo, kada a nuna, a jefa labarin cikin rumbun ajiya kawai. Ofis ya yi tsit, kowa na yi mini sannu da ƙoƙari.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na lura. A rana ta uku na tuna ban ga jan ɗigon Baba ba, kuma nan take na gane dokata ce ta haɗiye shi. Cire na'urar ƙauyenmu daga dokar bai fi aikin shan shayi ba. Amma ranar wata kwantena ta yi ta faɗuwa tana tashi, oga na tsaye a kaina, na ce bari in gama da wannan tukuna. Ɗigon kore ne shar, ni kuma na bar koren ya kwantar mini da hankali. Inna ta bugo ta tambaya, na ce mata lafiyarsa ƙalau.

Bayan mako guda maƙwabcin Baba ya iso gari a ƙafa. Wani dattijon Gbagyi ne, Kirista, tare suka yi noma tun suna samari. Shi ya kawo labarin cewa fitsari ne ya ƙi fita, Baba ya yi kwana huɗu yana fama, sauran tsofaffin da suka rage suka yi masa sutura. Da na je zaman makoki ya ja ni gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, abin nan naka ya lalace ne? Da ƙafarsa ta gaza, ni na riƙa zuwa ina danna masa. Uku-uku, yadda ya ce."

Da na koma Kaduna na buɗe rumbun ajiyar, ina roƙon Allah ya sa na'urar ce ta mutu. Ba ta mutu ba. Komai yana nan a jere, da ranarsa da lokacinsa. Ranar farko sau uku da asuba. Sannan da hantsi, da azahar, da la'asar. Kullum uku, kullum da ƙirga goma a tsakani, bai ko yi gaggawa ba. Na kifa kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba a gaban mutane. Na tsani hannuna, na tsani allon, na tsani yabon da aka yi mini.

Ranar addu'ar arba'in Inna ta same ni a zaure na yi tagumi. Ta zauna kusa da ni ta dafa kafaɗata.

"Ka daina cin kanka haka," in ji ta. "Ka san halin mahaifinka. Ko yana mutuwa ba zai yarda ya ta da maka hankali ba. Da ya neme ka, ai da ka je."

Na ce, "Haka ne, Inna."