Shafi na Huɗu a Fayil ɗin Darakta

Malam Falalu mai tafireta mutumin Jahun ne, ɗan manoma, wanda ya koyo buga takarda a Kano. Da aka ƙirƙiro jiha aka kwaso ma'aikata aka zube su a Dutse, yana cikinsu, da akwatinsa da tabarmarsa. Ya sauka gidan yayarsa, Adda Gaji, wadda ke ba da hayar littattafai a zaurenta. Siriri ne, marar hayaniya, in yana bugu ba ya kallon yatsunsa. A wata ma'aikata yake, ba zan faɗi sunanta ba. Shekara tara bai taɓa makara ba, kuma abin da ya kai shi ƙasa ba laifinsa ba ne, nawa ne.

Ni ce Zulaihatu. Mahaifina malami ne mai makarantar allo a unguwarmu, ni kuma ina koyar da mata a Islamiyya. Abin da Baba bai sani ba shi ne, a ƙarƙashin hijabina kullum akwai littafin yaƙi da aljanu daga zauren Adda.

Cikin littattafanta akwai wani da ya sha hannu har bangonsa ya fita, ƙarshensa ma ya yage. Ba wanda ya san sunansa ko wanda ya rubuta shi, sai muke ce masa Marar Bango. Labarin wata jaruma ce da mugun waziri ya ƙwace wa garin ubanta, kuma daidai inda ta iso ƙofar gari da rundunar tsuntsaye takarda ta ƙare. Mata suka dami Adda da tambaya, har ranar da ta gaji ta ce, “To ku ƙarasa shi mana, ku da kuka iya surutu.”

Haka muka fara. Mu goma sha ɗaya ne, yawanci matan aure da ’yan mata, kowa da sunan ɓoye, Adda kaɗai ta san wace ce wace. Duk wata sai ta kafa sharaɗi: wannan karon kada kowa ya mutu, ko kuma dole aljani ya ji kunya a gaban tsohuwa. Kowa ta rubuto babinta a takardar makaranta, Malam Falalu ya tafi da su ofis, ya buga a lokacin hutun azahar, kwafi huɗu a lokaci ɗaya da takardar kabon. Masu karatu su yi alama da biro a bayan wanda ya fi burge su. Wadda ta ci ba a ba ta ko allura, sai dai babinta ya zama shi ne gaskiyar labari, kowa ya ɗora a kai. Amma wallahi a kan wannan alamar biro na ga mata sun daina gaisawa.

Shi bai taɓa rubuta ko layi ba. Ya ce shi hannu ne kawai. Sai dai ya fi mu duka shiga labarin, har yakan tsaya a bakin zaure ya ce, “Adda, ki gaya wa Tauraruwar Gabas ta bar jarumar nan ta huta, dokinta ya kwana uku bai sha ruwa ba.” Ni ce Tauraruwar Gabas, kuma ya gane, don ya san rubutuna daga wata takardar Islamiyya da ya taɓa buga mini. Bai taɓa nunawa a gaban mutane ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a gari ya canja. Mutane suka shiga taitayinsu, aka riƙa wa'azi a kan bokaye da masu tsubbu, aka sa Baba cikin masu yi wa unguwa nasiha. Adda ta mayar da littattafanta cikin ɗaka. Ya kamata mu dakata, ba mu dakata ba. Sharaɗin watan shi ne a kayar da waziri ba tare da an zare takobi ba.

Ni da wayona sai na kawo boka. Kuma saboda Malam Falalu yakan yi wa Adda ƙorafin daraktansa, Alhaji Jaji, mutum mai jan ƙafar hagu, mai jar hula, mai kiran kowa “kai wane”, sai na ɗauki kamannin nan kaf na ɗora wa waziri. Don ya yi dariya na yi. Adda ta ce ya yi dariyar har da hawaye.

Ranar Laraba ya buga babin. Takardar kwafi sirara ce, tana manne wa ’yar'uwarta. Kwafi ɗaya na shafi na huɗu ya manne a bayan wata wasiƙa, ya shige fayil, fayil ya hau teburin darakta. Shafin ba shi da kai, ba sunan jaruma, ba sunan gari. Daga sama har ƙasa maganar boka ce: “Ka ɗebo ƙasar sawun ƙafarsa ta hagu, wadda yake ja. Ka samo zare daga jar hularsa. Ka binne su a bakin ƙofar da yake shiga kowace safiya. Kafin kwana arba'in ba zai ƙara zama a kujerar nan ba.”

Alhaji Jaji ya karanta, kuma a makon nan ƙafar tasa ta kumbura. Ya sa aka haƙe bakin ƙofar ofis. Ba a sami komai ba, amma tafireta ɗaya ce a ma'aikatar mai karyayyen harafin “k”, kuma kowa ya san mai ita.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo baya, da la'asar, Adda ta zo gidanmu da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaida Baba a zaure, yana tsakiyar karatu, ta ja ni bayan rumbu.

“An ba Falalu takardar tuhuma,” ta ce. “Litinin zai tsaya gaban kwamiti. Ya ce musu labari ne. Sun ce in labari ne ya kawo wanda ya rubuta, da rubutun hannunsa.”

Ina jin muryar Baba daga zaure yana gyara wa wani karatu.

“Adda, in Baba ya ji...”

“Na sani. Shi ma ya sani. Ya ce in gaya miki ki yi shiru.”

Kwana huɗu na yi ina ɗaukar abinci ina ajiyewa. Ranar Juma'a Baba ya dawo masallaci yana cewa, “Kun ji wani ma'aikaci wai an kama shi yana yi wa maigidansa sammu? Da tafireta! Allah ya shirya.” Na ce amin. Lissafin da nake yi a fili yake. In na fito, ’yar malam ce ta rubuta maganar boka da hannunta, ta kuma yi wa dattijo ba'a, iyaye za su kwashe ’ya'yansu daga makarantar Baba, mazaje da iyayen sauran matan goma kuma za su fara tambayar me ake yi a gidan Adda. In na yi shiru, mutum ɗaya ne zai faɗi.

Litinin da safe na ɗauki hijabi na ce zan je asibiti. Na tafi har ƙofar sakatariya. Na tsaya ƙarƙashin wata dalbejiya ina kallon mutane na shiga da fita, na ga keken Malam Falalu a jingine. Mai gadi ya ce, “Malama, wa kike nema?” Na buɗe baki, na ce ba kowa. Na juya gida.

Abin da ya faru a ciki Adda ce ta ba ni. Mutum biyar ne a kwamitin. Suka ce ya kawo sauran shafukan, ya kawo na bugu, suka ce ai wannan zai iya tsara shi a ƙarshen mako don ya wanke kansa. Suka ce ina na hannu? Yana aljihunsa a ninke, da rubutuna da kowa a Islamiyya ya sani. Ya ce ya ɓata. Shugaban ya ce, “Malam Falalu, suna ɗaya muke so, ka koma kujerarka yau.” Sau uku ana tambayarsa. A na ukun ya ce, “Ranka ya daɗe, ni na buga, kuma daga hannuna ya shiga fayil. Iyakar abin da zan faɗa ke nan.”

Ba a kai shi kotu ba, don ba a sami abin da aka binne ba. An sallame shi ne da laifin amfani da kayan gwamnati. Amma sunan mai sammu ya bi shi. A masallacin unguwa mutane suka riƙa barin tazara a sahu. Bayan wata biyu ya ɗaure akwatinsa ya koma Jahun. Adda ta mayar mini da takarduna a ninke yadda suke, kuma ba ta ƙara kafa sharaɗi ba.

Shekara shida ban ga Malam Falalu ba, sai ranar da na raka ƙanwata asibitin Jahun. A bakin kasuwa na hango shi a rumfa, da wata tsohuwar tafireta a kan tebur, yana buga wa mutane takardun koke. Ya yi furfura. Na durƙusa na gaishe shi, na fara maganar da na shekara shida ina shiryawa, kuka ya hana ni kai ta ko'ina.

“Bar wannan, Malama,” ya ce. “Ni abu ɗaya ke damuna. Shafi biyar kika ba ni, a na biyar boka ya karɓi ƙasar sawun, shi ke nan. Wazirin ya faɗi ko bai faɗi ba?”

Na ce ban sani ba, tun ranar ban ƙara rubuta komai ba.

Ya dube ni, kuma wannan ne karo na farko da na ga ɓacin rai a fuskarsa. “To ashe a banza na bar aikin,” ya ce.

Ya zaro farar takarda, ya ɗaura a tafireta, ya buga lamba shida a sama, ya ɗora yatsunsa yana jirana.