Rabon Matar Mahauci

A daminar da na tare gidan mijina a Ƙofar Rini aka yi ruwan da ya rushe madafin Baturen da yake yi wa kuku. Ruwan nan ne kuma ya zubar da rabin katangar da ke tsakaninmu da gidan wani mahauci. A lokacin ba ni da abin da ya dame ni sai littattafan da mahaifina ya haɗo ni da su, da baitocin da nake shiryawa a zuci in ina tankaɗe. Uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, fura take sayarwa, kuma rabin unguwa a ƙwaryarta suke sha.

Da hantsi mijina ya shigo da kwando a rufe da ganye, ya sa aka saki tabarmar ƙofa. Ya ce Bature ya harbo aladen daji a fadamar Dundaye, yana da baƙi da yamma, ya ce a dafa ko a ina ne. Inna ta daɗe tana kallon ɗanta.

"In wanga ya fita gidan nan, babu mai ƙara shan furata," in ji ta. "Kai kuma ka nemi wani masallacin."

Ya ce ya sani. Bai taɓa tukwanenmu ba, da tukunyar ƙarfen Bature ya zo.

Daga bakin ɗaki na yi kallo, hancina cikin gyale. Tsoka ce doguwa wadda ake cirowa daga gefen ƙashin baya, ba jijiya ko ɗaya. Ya tsaga ta a tsaye, ya buɗe, ya bubbuga har ta baje. Ya soya albasa, ya haɗa da ɓarɓashin burodi da yankakken dabino, ya shimfiɗa a ciki, ya naɗe. Sai ya fasa wani gwangwani da ya zo daga ƙasarsu, ya zaro siraran yanka masu gishiri, ja da fari a jere kamar saƙi. Shi ma na alade ne. Ya lulluɓe tsokar da su, ya ɗaure da zare, ya sa a tukunya, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Na zaci haram wari take yi. Ƙamshin da ya tashi ya cika tsakar gida, ya haye katanga, har na ji kunyar yawun da ya taru a bakina.

Da ya gasu, mijina ya datse bakin nan biyu don ya yi kyan gani a faranti, ya ce in binne guntayen a bayan ɗaki, ya ɗauki kayansa ya fita. Ban kai ga nemo fartanya ba sai ga matar mahauci ta tsallako ta inda katanga ta zube, tana riƙe da ƙugu, cikinta ya tsufa. Yarinya ce mai yawan dariya da yawan magana, ta sha tsokanarmu da cewa muna cin suɗin Nasara.

"Inna, mi kuka dafa haka? Wallahi ɗan nan tun ɗazu yake harbina. In kun hana ni, hazbiya ta fito muku ido bibbiyu."

Kowa ya san ba a hana mai ciki abin da ta ji ƙamshinsa, kuma in an hana, sai an faɗi dalili. Na buɗe baki na ce, "Ai wannan ba..." Inna ta taka mini ƙafa.

"Zauna, ɗiyata. Ɗiyar malam rowa gare ta, karatu bai raba ta da ita ba."

Da hannunta ta miƙa mata kaskon. Yarinyar ta ci tana lumshe ido, ta tsince dabinon, ta suɗe zaren. Inna na tsaye a kanta tana cewa ta ƙara, ai saboda jinjiri ne.

"Wane rago ne wanga?" in ji ta, tana ƙulle ɗan abin da ya rage a bakin zane. "Bari in kai wa maigida ya gani. Shekara da shekaru yana fawa, bai taɓa kawo mini irinsa ba."

Mahauci kallo ɗaya zai yi masa ya gane naman mene ne. Inna ta jawo kujera ta zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa.

"Kai masa," ta ce a hankali. "Ki ce masa alade ne. Ki ce ɗansa ya ci tun bai zo duniya ba, kuma uwarsa har zare ta suɗe. Daga nan ki bi gida gida ki faɗa, tunda bakinki ba ya gajiya."

Yarinyar ta yi dariya, tana jiran mu taya ta. Da ta dubi fuskata sai ta rarrafa gindin katanga, ta zura yatsu a maƙogwaro. Na ɗebo ruwa zan kai mata, ina cewa wanda ya ci bisa rashin sani babu zunubi a kansa, haka yake a littafi. Inna ta karɓe butar.

"Ajiye littafinki. In ta san tana da tsarki, gobe da safe labari ya kai kasuwa."

Bayan kwanaki na samu na raɗa mata ta kan katanga, na ce ko mahaifina za ta tambaya, haka zai faɗa. Ta rame, ta daina dariyar nan. Ta saurare ni har na gama.

"Ɗiyar malam, mijina bai yi karatu ba," ta ce, ta koma ɗaki.

Ba wanda ya ji. Mijina ma bai sani ba, yana nan a sahun gaba a masallaci. Matar mahauci ba ta daina sayen fura ba, don in ta daina za a tambaye ta dalili. Kullum takan zo da ƙwaryarta, kanta a ƙasa, daga baya kuma da yaron a goye. Inna takan ƙara mata gyara a gaban mata, ta leƙa goyon, ta ja masa kumatu.

"Tubarkalla, ji ƙiba. Mi kika ci da cikinsa, ɗiyata? Faɗa wa matan ga su ma su nema."